Mai Agogo da Matan Fim Ɗinsa

Duk wanda ya taɓa kai agogonsa gyara a layinmu ya san dokar shagon: gyara minti biyar, lacca awa guda. Mai Agogo mutum ne ɗan shekara hamsin da takwas, gajere, mai tumbi, wanda ya rantse ya kalli finafinan leƙen asiri ɗari huɗu da goma sha biyu, kuma babu wanda bai gano maci amanar cikinsa ba tun kafin a kai rabi. Zai buɗe bayan agogo da ɗan tsinkensa, gilashin ido ɗaya manne a fuskarsa, yana cewa, "Ni da kake gani, ƙasa ce ta yi asara. Da an ɗauke ni aikin nan tun ina saurayi, da yanzu babu wanda ya san sunana."

"Ai yanzu ma babu wanda ya sani," in ji Mai Walda, maƙwabcin shagonsa.

"To ka ga ƙwarewa ke nan."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana neman shiga makarantar koyon aikin fim. Sharaɗinsu shi ne kowa ya kawo fim na minti goma da ya ɗauka da hannunsa. Bara ta nema ba ta samu ba, bana kuma ita ce damarta ta ƙarshe, don akwai iyakar shekaru. Da ƙyar ta samo aron kyamara na kwana uku. Kuskurenta guda ne: ana shan shayin safe ta ce tana tunanin yin labarin leƙen asiri.

Mai Agogo ya ajiye kofi a hankali, kamar wanda aka kira sunansa a rediyo.

"Shekara arba'in ina jiran wannan ranar," ya ce. "Ki kwantar da hankalinki, Auta. Ke dai riƙe kyamara. Labari nawa ne, jarumi ni ne."

Kafin la'asar ya rubuta labarin duka a bayan tsohuwar kalanda. Ya tara mutanen gida a falo: matarsa, wadda kowa ke kira Malama don lissafi take koyarwa, da Auta, da yayarsa, Gwaggo, wadda ta yi shekara talatin a ofishin haɗa waya tun zamanin da sai mace ta haɗa ka da wanda kake nema. Ya tsaya gaban talabijin ya karanta.

"Sunan jarumi Damisa. Mata uku ne a fim ɗin, kamar yadda doka ta tanada. Ta ɗaya sakatariya, ta kawo fayil ta yi ajiyar zuciya. Ta biyu maciya amana, ta zuba guba a shayi, in dube ta, ta tuba, ta mutu. Ta uku kyakkyawa, a ɗaure ta a kujera ta yi ihu, in cece ta."

"Mene ne sunayensu, Baba?" in ji Auta.

"Ba sa buƙata."

Gwaggo ta gyara zama. "Kai yaro, waɗannan ai matan ƙuruciyarmu ne. Na san su a silima. Yarinya ba uwa ba uba, ba aikin fari ba na baƙi, sai tsayawa jikin mota. In an yi harbi ta toshe kunne. In an ce a gudu ta yi taku uku ta faɗi. Ina zaune ina cewa, baiwar Allah, ga kujera kusa da ke, ɗauki ki maka masa mana."

"A zamaninmu an ɗan ci gaba," in ji Malama. "An ba ta bindiga da digiri. Ita ce ta karanci bam shekara bakwai, amma in ya kusa tashi sai ta miƙa wa namijin almakashi, ta rufe ido."

"Yanzu ita ce shugabar hukumar gaba ɗaya," in ji Auta. "Wani lokaci ma ita ce jarumar, Baba. Ita ake aikawa."

"Na ga naku ma," Gwaggo ta ce. "Ta daki ƙarti takwas da takalmi mai tsini, kwalliyarta ba ta goge ba. Ba ta dariya, ba ta cin abinci, ba ta da ƙawa. Mutumin jiya ne aka shafa wa jan baki."

Mai Agogo ya naɗe kalandarsa. "Ku gama surutunku. Fim ya lalace ne ranar da mace ta daina ihu. Gobe ƙarfe goma, a shago."

Auta ta dubi uwarta, uwar ta dubi silin. Ba ta da wurin ɗauka sai shagonsa, ba ta da 'yan wasa sai mutanen da zai kira, kuma tunda take ba ta taɓa iya ce masa a'a ba in ya yi wannan murnar. Ta ce, "To, Baba."

Rana ta farko shagon ya zama ofishin sirri. Mai Agogo ya sa kwat ɗin da ya yi angwanci da shi, maɓalli ɗaya ne ya yarda ya shiga, shi ma bisa dole. Ya ɗora baƙin tabarau, ya ari kujera mai juyawa daga wurin Wanzami. Tsarin shi ne ya juya wa kyamara baya, Malama ta shigo da fayil, sannan ya juyo a hankali.

Malama ta shigo. Maimakon ajiyar zuciya, sai ta buɗe fayil ɗin.

"Wa ya rubuta wannan saƙon?"

"Saƙon sirri ne. Kowane harafi da lambarsa. Ke dai ki ce, 'Ka dawo mini lafiya, Damisa.'"

"Na warware shi ina tahowa. Ka tsallake harafi biyu a lissafin. Yadda ka rubuta, ba 'a kama shugaban maƙiya' ya ce ba."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ko 'yan ajina ba sa irin wannan."

Wanzami da Mai Walda da ke leƙe ta taga suka tuntsire. Mai Agogo ya ce a sake ɗauka. A karo na shida Malama ta yi ajiyar zuciya ta gaske, irin wadda ta saba yi shekara talatin, ya ce madalla. Ya taka ƙasa zai juyo da isa, sai ƙafarsa ta danne ƙarfen da ke ƙasan kujerar. Kujera ta yi fiii ta sauka da shi, har babu abin da ya rage a saman tebur sai tabarau da sanƙo. Daidai nan sha biyu ta cika, agogon bango goma sha tara suka fara bugawa, kowanne da muryarsa.

"Kin ɗauka?" ya tambaya daga ƙarƙashin tebur.

"Na ɗauka, Baba."

"A goge."

Rana ta biyu aka zo kan maciya amana. Mai Kemis ce aka roƙa, matar da ke da kantin magani a kwanar layi, ta ce za ta ba su minti ashirin. Aka jera kujeru biyu da ɗan tebur a ƙofar shago, ta zuba garin sukari a kofinsa a matsayin guba. Mai Agogo ya zare tabarau ya zuba mata ido.

"Yanzu sai ki rushe da kuka ki faɗi wanda ya aiko ki."

"Saboda me?"

"Saboda na dube ki."

"Wato an horar da ni shekara da shekaru, na yaudari ƙasashe, sai kallo ɗaya ya kwance ni?"

"Haka ake yi."

Ta matso ta duba idon da kyau, ta ja fatar ƙasan da ɗan yatsa. "Idon nan ya yi ja. Yaushe rabonka da shan maganin hawan jininka?"

"Hajiya, muna cikin fim."

"Tun watan jiya bai zo karɓa ba," ta gaya wa kyamara. "Malama ta sani?"

"Yanzu ta sani," in ji Malama daga bayan Auta.

Don ya dawo da martabarsa, Mai Agogo ya ce a tsallaka zuwa makamin sirri. Kwana biyu ya yi yana haɗa shi: agogon hannu mai ɗan bututu a gefe, in an danna ya fesa garin barkono a fuskar maƙiyi. Mai Walda, wanda aka naɗa shugaban maƙiya don yana da gemu, ya ja da baya taku uku. Bai kamata ya wahalar da kansa ba. Mai Agogo ya ɗaura agogon a hannun dama maimakon hagu, bututun ya kalli mai shi. Ya ɗaga hannu, ya ce, "Lokacinka ya yi," ya danna.

Atishawa ashirin da uku Wanzami ya ƙirga. Maciya amana ce ta kama shi ta wuyan kwat, ta kai shi bakin famfo, ta wanke masa fuska tana yi masa faɗan magani.

Da yamma ido ya washe, baki ya dawo. Ya ce duk wannan kayan aiki ne suka ci amanarsa, amma bin sawu a jininsa yake. Zai bi Gwaggo har kasuwa ba tare da ta sani ba, Auta ta bi shi da kyamara. Ya ɗauki jarida ya huda ta wuri biyu. Gwaggo ta fita da jakarta, ya bi ta, yana laɓewa bayan turakun lantarki da ba su kai rabin faɗinsa ba. Ta shiga layin masu kwanuka, ya shiga. Ta zagaya rumfar masu yadi sau uku, ya zagaya sau uku yana haki. Sai ta ɓace. Yana tsaye yana juya jarida gabas da yamma, ya ji an rataya masa jaka a kafaɗa ta baya.

"Tunda ka zo, riƙe wannan. Saura sabulu da gawayi."

"Yaya! Tun yaushe kika gan ni?"

"Tun kana huda jarida. Takalminka kuma kuka yake kamar ƙyauren banɗaki."

Haka Damisa ya dawo layi da jaka biyu da buhun gawayi a ka, mutane na yi masa sannu da aiki.

Auta ta zauna a ɗakinta ta duba abin da ta ɗauka. Kwana biyu sun tafi, babu minti ɗaya da ya yi kama da abin da ke bayan kalanda. Ta fito falo idonta ya cicciko. Gwaggo ce kaɗai a wurin, tana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi.

"Gwaggo, bana ma na faɗi."

"Wa ya gaya miki? Saura kwana ɗaya. Wa aka samu na ɗaurin kujera?"

"Babu. Duk wadda aka tambaya sai ta ce tana da aiki."

"To ni zan yi."

Mai Agogo ya leƙo daga ƙofa. "Yaya, kalanda ta ce kyakkyawa."

"Me ka ce?"

"Na ce kin dace."

"Shekara hamsin ina son in zauna a kujerar nan in ji abin da matan nan ke tunani," in ji Gwaggo.

Rana ta uku ita ce ta babban ceto, kuma Mai Agogo bai bar kowa a layin bai gayyata ba. A bayan shagon Mai Walda akwai fili da hasumiyar tankin ruwa mai tsawon bene biyu. A samanta ya kafa tsohuwar ƙafar keke, ya zarga igiya: gefe ɗaya ƙugiya ce da za ta kama belinsa ta baya, ɗaya gefen buhun yashi a ƙasa. Zai diro daga sama, buhun ya rage masa gudu, ya sauka tsaf bayan kujerar, ya buge maƙiyi, ya kwance kyakkyawa.

"Kilo nawa kake?" Mai Walda ya tambaya, shebur a hannu.

"Sittin da biyar. A zuba hamsin da biyar a buhu."

Malama ta ja Mai Walda gefe. "Sittin da biyar ɗin tun kafin a haifi babban ɗanmu ne. Casa'in da ɗaya yake. In ka zuba abin da ya ce, sai dai mu kwashe shi da faranti."

Mai Walda mutum ne mai tsoron Allah da tsoron 'yan sanda. Ya ci gaba da zuba yashi har sai da zuciyarsa ta kwanta, ya ɗinke bakin buhu.

Ƙarfe huɗu fili ya cika. Masu shaguna sun rufe, mata sun fito da kujerunsu, Wanzami ya bar mutum da rabin aski, shi ma mutumin ya biyo shi. Mai Agogo ya ɗaure Gwaggo da kansa, yana bayyana wa jama'a cewa wannan ɗauri ne da babu mahaluƙin da ya taɓa kwancewa. Ya hau tsani yana tsayawa hutu kowane mataki biyar. Daga sama ya daka tsawa, "Yaya, ihu!"

Gwaggo ta dubi Mai Walda da ke tsaye kanta da bindigar katako. "Ya jikin matarka? Ta samu sauƙin ƙafar?"

"Da sauƙi, Gwaggo."

"Yaya, ihu nake jira!"

"In na ga abin ihu zan yi."

Mai Agogo ya gyara tabarau, ya buɗe hannuwa, ya diro.

Farkon abin ya yi kyau, gaskiya, har wasu suka fara tafi. Ya taho, buhu ya tashi. Sai gudun ya fara raguwa, ya ragu, ya ragu, ya tsaya cak. Mai Walda ya zuba casa'in da ɗaya daidai, ko cokali bai rage ba. Ga Mai Agogo a tsakiyar iska, ba sama ba ƙasa, ga buhu a gabansa suna kallon juna kamar tsofaffin abokai. Ya harba ƙafa, sai ya fara juyawa. Buhun ya zo ya gaishe shi a tumbi. Maɓallin nan guda ya yi sallama da kwat, kwat ya zazzago ya rufe masa kai.

Daga cikin kwat ɗin wata ƙara ta fito, siririya, doguwa, wadda ta sa tantabarun kan rufi suka watse.

"Wayyo Allah! Ku sauke ni! Malama! Yaya!"

Maza suka taru ƙarƙashinsa, kowa da shawararsa. Wanzami ya ce a yanke igiya. Wani ya ce a kawo katifa tukuna. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce kafin su zo an yi magariba. Mai Walda ya fara hawa tsani, hasumiya ta girgiza, ƙarar cikin kwat ta ninka, ya sauko da sauri. Auta ta sauke kyamara za ta ruga, Malama ta riƙe kafaɗarta.

"Belin nan ni na saya, ko bijimi aka rataya zai riƙe. Yi aikinki."

Gwaggo ta yi tsaki, ta girgiza hannu sau biyu, ɗaurin da ba a taɓa kwancewa ba ya zube a ƙasa. Ta miƙe ta kakkaɓe zane.

"Ku matsa. Hajiya, aiko a ɗauko doguwar sandar da kike share yanar gizo-gizo da ita. Kai mai gemu, ba ni ƙarfe mai tsini da waya. Malama, in an huda buhu, ƙaramar huda ko babba?"

"Ƙarama, kamar ɗan yatsa. In ta yi girma zai faɗo."

Cikin minti uku aka ɗaure ƙarfe a bakin sanda. Gwaggo da Mai Kemis suka ɗaga ta tare, suka jira buhun ya juyo.

"Kai yaro, daina harbe-harbe, kar in huda wanda ba shi ba. Ku biyun kamarku ɗaya daga nan."

Ya sandare. Ta soka. Yashi ya fara tsiyaya, Mai Agogo ya fara saukowa a hankali, a hankali, kamar yadda ya tsara tun farko. Abin da bai tsara ba shi ne buhun na hawa yana wucewa ta saman kansa, duk abin da ya zubo a kansa yake sauka. Ya iso ƙasa fari fat, ya dira daram a kan kujerar da aka ɗaure Gwaggo, igiyar ta naɗe masa ƙafa.

Filin ya kece da tafi da shewa. Wanzami ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Mai Kemis ta yaye kwat ɗin ta kama hannunsa tana ƙirga bugun jini. Mai Agogo ya tofar da yashi, ya nemi 'yarsa da ido, ya gan ta tsaye da kyamara. A karon farko cikin kwana uku muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, na ɓata miki, ko?"

Ta zo ta durƙusa tana kakkaɓe masa gira. "Baba, ka yarda in yi amfani da duk abin da na ɗauka? Har wanda ka ce a goge?"

Ya dubi jama'a, ya dubi buhun da ke lilo a sama fayau. "Wane ne bai gani ba? Yi yadda kika ga dama."

Washegari ta wuni tana yanka da haɗawa. Da safe, kafin ta mayar da kyamara, ta zaunar da Gwaggo da Malama da Mai Kemis a falo, kowacce ta faɗi irin matan da ta gani a finafinan zamaninta da abin da ta so su yi, ta saka maganganun tsakanin kujerar da ta sauka, da atishawa, da gawayi, da yashi. Ta rubuta sunan kowacce cikakke a ƙarshe, ta miƙa fim ɗin saura awa biyu a rufe karɓa.

Bayan sati biyar takarda ta zo. An ɗauke ta. A ƙasa ɗaya daga cikin malaman ya ƙara layi biyu da biro, yana yaba wa matan uku, da kuma dattijon da ya fito a matsayin tsohon jarumi marar kan gado, malamin ya ce bai taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayon wauta kamarsa ba.

Mai Agogo ya sa takardar a firam, ya sauke agogo guda daga bango ya rataye ta a wurin. Yanzu gyara minti biyar ne, lacca awa biyu. Ranar da na kai nawa agogon, na tarar yana nuna wa Wanzami layin da ɗan tsinkensa.

"Karanta da kanka. Kwaikwayo, in ji masana. Kun zaci da gaske nake ihun nan? Duk shiri ne, don in ba matan dama su fito."

Malama na zaune a gefe tana duba takardun 'yan ajinta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Gaskiya ne," ta ce. "Shekara talatin yana atisaye a gida."